Kunun Inno da Kunnen Shanu

Malam Mijinyawa ba ya buɗe abu mai murfi sai ya fara ɗora bayan hannunsa a kai. Kwanon tuwo ne, ko tukunyar shayi, ko butar alwala, sai ya taɓa, ya ɗan dakata kamar mai sauraron magana daga ciki, sannan ya buɗe. Mu da muke zama da shi a rumfar ɗinki ta bakin kasuwar Bodinga mun mayar da abin abin tsokana. In mai koko ta dire masa kwano, sai wani ya ce, "Malam, a auna shi tukuna, ko shina da masassara." Yakan yi murmushi ya sunkuyar da kai. Kuma ba ya shan kunun tsamiya. Ko da azumi ne, ko a gidan suna, in an miƙo masa sai ya ce ya ƙoshi, ya tura wa na kusa da shi.

Ba da waɗannan halaye aka haife shi ba. Na san shi tun kafin su.

Ɗan manomin albasa ne daga Danchadi. Bayan 'ya'ya mata aka same shi, shi ya sa aka sa masa Mijinyawa, kuma a tsakiyar yayyensa mata ya tashi. Wataƙila a nan ya ɗauko sanyin murya. Mutum ne da in ka taka masa ƙafa, shi zai ce maka sannu. Ya yi firamare, ya zauna gida yana taimakon mahaifinsa a fadama, har Allah ya kawo masa aikin allurar shanu. A takardar gwamnati akwai wani dogon suna da ake kiran aikin da shi, amma daga Bodinga har Shagari malamin shanu ake ce masa.

Babban aikinsa rigakafin bushiya, cutar nan da tsofaffin makiyaya ba sa son a ambaci sunanta kusa da garke. Maganin a 'yan kwalabe yake zuwa, kowace ba ta wuce babban yatsa ba, da ɗan busasshen gari manne a gindinta. Sai an zo gaban shanu ake narka shi da ruwan gishiri mai sanyi. A ofis yana kwana cikin firiji mai aiki da kananzir, a hanya kuma cikin fulas mai faɗin baki, kewaye da ƙanƙara.

Mijinyawa yakan ba mu labarin tsohon likitan dabbobin da ya koya musu aiki a Sakkwato. Ranar farko bai buɗe littafi ba. Ruwa ya sa aka tafasa, ya fasa ƙwai a ciki, ya tsamo shi ya miƙa wa na gaba, ya ce a mayar masa da shi ɗanye. Aka yi dariya. Da dariyar ta lafa sai ya ɗaga kwalba ɗaya ya ce abin da ke cikinta dangin ƙwai ne, zafi yana dafa shi, kuma abin da ya dahu ba ya komawa. Bambancinsu ɗaya ne. Ƙwai in ya dahu kowa yana gani. Wannan kuwa in ya mutu, fuskarsa ba ta sauyawa, mai rai da matacce kamanninsu ɗaya.

Sauran duk a kan wannan aka gina su. Ba a girgiza shi har ya yi kumfa, mirgina shi ake yi a hankali tsakanin tafin hannu. Sirinjin da aka tafasa sai ya huce sarai kafin a zuƙa. Sabulu ba ya kusantarsa. In an narka shi, a gama da shi kafin inuwa ta yi nisa da inda take. Mijinyawa ya riƙe waɗannan kamar karatun allo. In ya isa ruga, kafin ya gama gaisuwa idonsa yana kan itace, yana duban inda inuwa za ta karkata. Fulani suka sa masa Abokin Inuwa. Ban taɓa jin an ce shanun da ya yi wa allura sun kamu ba, har zuwa shekarar da zan faɗa.

Ya auri Atika, ɗiyar Malam Arzika na Horo Birni. A ƙasarmu kowane suruki yana jin kunyar surukansa, amma tasa ta yi fice. Tun daga bakin masallacin unguwa yake tuɓe takalmi. Bai taɓa kai loma baki a gaban Malam Arzika ba. Inno kuwa, mahaifiyar Atika, ta bayan zana suke gaisawa, shi a durƙushe a waje, ita a ciki, kowa yana kallon ƙasa. Iyaye a Horo Birni sukan yi wa samarinsu misali da shi. Shi ma Malam Arzika ba ya kiran sunansa, sai dai malamin shanu, kuma in ya faɗa kana jin daɗin da ke cikin bakinsa.

Farkon mulkin farar hula an sha daɗi. An ba malaman shanu babura, firiji ba ya mutuwa. Sai abubuwa suka fara ja da baya, rediyo ta shiga maganar tsuke bakin aljihu. Kananzir ya yi wuya, har wani lokaci Mijinyawa yakan juye na fitilar gidansa ya kai ofis, su kwana a duhu. A cikin wannan hali, shekarar da aka yi zaɓe na biyu, labari ya zo daga gabas cewa bushiya ta dawo. Fatake suna cewa sun ga mushe a bakin hanya har ungulu ta ƙoshi ta bari. Kowa ya tashi neman allura, allura kuwa ta yi ƙaranci.

Malam Arzika yana da shanun huɗa da 'yan shanun tatsa, ciki har da wata jar saniya ta Inno da ta gada daga gidansu. Duk suna hannun wani Bafulatani mai suna Mode, wanda ke kiwonsu tare da nasa garken. Mode bai yarda da allura ba. Ya ce kakansa bai san ta ba kuma ya mutu ya bar shanu. Malam Arzika ya yi ta bin sa, har ya ce masa mai allurar nan ɗansa ne, in wani abu ya faru a kama shi. Da wannan Mode ya yarda, ya kuma jawo 'yan uwansa biyu da nasu garken.

Da bazara ne, irin ranar da ƙarfen babur ke ƙona cinya. Mijinyawa ya samu 'yan kwalaben da suka zo rabonsa, ya shirya su cikin leda tare da kwalbar ruwan gishiri, ya cika fulas da ƙanƙara, ya kama hanya da safe. Taya ta yi faci kafin Shagari. Kafin ya samu mai gyara, ya isa Horo Birni, an kusa kiran azahar.

Malam Arzika yana zaure. Ya miƙe da fara'a.

"Maraba da malamin shanu! Ka sha rana. Kawo kayanga."

Mijinyawa yana durƙushe, fulas rungume a ƙirji. Bai taɓa barin fulas ɗin nan a hannun kowa ba, ko abokan aikinsa. Amma hannun da aka miƙo na Malam Arzika ne.

"Baba, a inuwa..." Iyakar abin da ya fito ke nan.

"Ɗakin Inno za ni kai shi. Akwai inuwad da tah hi ɗakinta garin ga?"

Ya shige da shi cikin gida. Suka tafi masallaci. Da suka dawo aka kawo tuwo, Malam Arzika ya fita ya ba shi wuri don ya san ba zai ci a gabansa ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa gaida surukin Arzika, kowa da tambayarsa a kan cutar. Zuciyarsa tana ɗakin Inno, amma suruki ba ya aikawa cikin gida a ce a fito masa da kayansa kamar yana zargin wani.

Abin da ya faru a ciki, daga bakin Atika na ji shi bayan shekaru masu yawa. Inno ta san irin wannan fulas, alhazai suna kawo shi tsaraba, abinci ake zubawa a ciki. Ta buɗe ta ga ruwa, da 'yan guntayen ƙanƙara suna yawo. Tausayi ya kama ta. Ta ce da kanta, wai gwamnati ta aiko ɗan mutane cikin wannan rana da ruwa tsura. Kuma a gidan mutunci ƙwarya ba ta shigowa ta fita wayam, balle ta suruki. Ta juye ruwan sanyin a randa don kada a yi asararsa. Ta dama kunun tsamiya, ta sa masa sukarin da take ɓoyo, ta cika fulas da shi yana tafasa. Kwalaben kuwa ta gane kayan gwamnati ne, ta ji tsoron kada su ɓata a hannunta. Sai ta ƙara ɗaure bakin ledar tam, ta mayar da su inda ta same su, ta rufe.

Sai bayan la'asar suka isa inda shanu suke, gindin wani babban gawo a bakin fadama. Mode da 'yan uwansa sun tara garke, mutanen gari ma sun biyo don kallo. Mijinyawa ya zaɓi inuwa, ya shimfiɗa tsumma, ya jera sirinji. Ya ɗauki fulas. Fulas ba ya nuna abin da ke cikinsa, sanyi ko zafi bayansa ɗaya ne. Ya murɗe murfi, tururi ya bugi fuskarsa, da ƙamshin tsamiya.

Malam Arzika ya fashe da dariya.

"Ka gani? Inno ba ta yarda ka wuni da yunwa. Ta ce in ba ka sha gabanmu, ka zagaya bayan icce ka sha."

Mode ya leƙo. "Malam, ashe maganin naku da kunu aka haɗa shi? To ni za a hwara yi ma, kahin shanu."

Kowa ya yi dariya. Mijinyawa ya sa yatsu ya tsamo ledar, kunun ya ƙona shi bai ji ba. Ya kwance, ya goge kwalba ɗaya, ya ɗaga ta. Garin yana nan a gindinta, fari, lafiya lau, kamar yadda ya baro Bodinga.

Magana ɗaya ake bukata a wurin, kuma ba doguwa ba ce. Amma maganar tana da suna a cikinta, sunan matar da bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarta ba, kuma a gaban maza za a faɗe shi, a gaban Fulanin da mijinta ya ba su bakinsa. Kafin magariba labarin zai gama Horo Birni, kafin ranar kasuwa ya kai Shagari, a riƙa cewa matar Arzika ta dafa maganin gwamnati. Kuma ya san babu wata kwalba a Bodinga da zai koma ya ɗauko. Sai zuciya ta fara kawo masa irin taimakon da takan kawo. Ta ce ai akwai leda. Ta ce ai garin busasshe ne, wataƙila ya jure. Mutumin da aka fasa wa ƙwai a gabansa ya san amsar wannan, amma ya saurara.

Ya bar kwalaben suka huce. Ya narka, ya mirgina a tafin hannu a hankali yadda aka koya masa, bai bar kumfa ko ɗaya ta tashi ba. Aka riƙa kamo shanu yana soka musu.

A wancan zamani duk saniyar da aka yi wa rigakafi akan ɓantare mata gefen kunne da wani ɗan ƙarfe mai kama da almakashi, don duk ma'aikacin da ya gan ta ya san an yi mata. Mijinyawa ya bar ƙarfen a jaka. Saniya ta farko ta tashi, ta biyu ta tashi. Mode ne ya lura.

"Malam, ka mance alama. In ba alama, gobe wasu su zo su sake huda min shanu. Sau guda munka yi da Arzika."

Ya ɗauko ƙarfen.

Allurar ba ta cuci saniya ko ɗaya ba, ruwan gishiri ne ya shiga jikinsu. Da a nan aka tsaya, da da sauƙi.

Da aka gama ya zagaya bayan gawo da fulas. Abinci ba a zubar da shi a ƙasa, kuma za a tambaye shi. Ya shanye. Atika ta ce da ya dawo gida bai ci tuwo ba, ya ce Inno ta ƙosar da shi.

Ba a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya je wurin na gaba da shi a ofis ya roƙi ƙarin kwalabe don Horo Birni. Aka ce ba can ka fito ba? Ya ce akwai saura. Aka ce saura su jira, akwai garuruwan da ko kwalba ɗaya ba su gani ba. Ya tsaya yana murza hula, aka tambaye shi ko da wata magana, ya ce babu.

Allah kuma ya sake buɗe masa ƙofa. Kafin ruwan farko wata babbar tawaga ta zo daga Sakkwato da mota mai firiji a ciki, aka yi shela duk makiyayan yankin su kawo shanu wani fili kusa da Shagari. Shugaban tawagar, Malam Yahaya, tare suka yi koyon aiki da Mijinyawa, mutum mai raha da son tsokana. Aka sa Mijinyawa a bakin shinge yana tantance masu shiga. Umarni ɗaya ne, magani kaɗan ne, duk mai ɓantararren kunne a kore ta gefe.

Mode bai so zuwa ba, dagaci ne ya tilasta kowa. Garkensa ya iso, Malam Arzika yana biye da sandarsa. Jar saniyar Inno tana gaba.

Mijinyawa ya matsa kusa da Malam Yahaya, ya yi ƙasa da murya.

"Yahaya, waɗanga a ƙara musu."

"Waɗanne? Ba ka ga kunnensu ba? Wa yay yi musu?"

"Ni."

"Kai? To mi za a ƙara? Abokin Inuwa da kainai!" Ya juya ga yaransa yana dariya. "Kun gane shi? Wanga ko matatai ba ta taɓa mai hulas. In kun ga alamatai ga kunne, ku wuce da ido rufe."

Malam Arzika ya ji. Ya gyara tsayuwa, ya ce da na kusa da shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Surukina na."

Malam Yahaya ya sake dubansa. "Ko da wani abu, Mijinyawa?"

Firiji yana nan a buɗe a bayan mota, hayaƙin sanyi yana fita. Tsakaninsa da jar saniyar bai fi taku kaɗan ba.

"Babu," in ji shi.

Aka kore su gefe.

Bushiya ta shigo da farkon damina. Wanda bai gani ba ba sai an zana masa ba. Ido yana zubar da ruwa, baki ya yi gyambo, sai zawo, sai kwanciya. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yadda ta yi zaɓe. Shanun da aka yi wa allura a filin Shagari suna tsaye suna kiwo. Na gindin gawo kuwa suka riƙa faɗuwa. Shanun huɗar Malam Arzika suka tafi a lokacin da ake bukatarsu. Jar saniyar ta bi su. Na Mode da 'yan uwansa abin da ya tsira bai kai a kira shi garke ba.

Mijinyawa ya je. Babu maganin da zai kai, amma ya je, ya taya haƙa rami, ya taya ja. Kowane mushe ya kama, ɓantararren kunnen ne a sama.

Mode bai ɗaga murya ba. Ya zo ya tsaya a kansa yana cikin rami, ya ce, "Malam, waɗanda ba su ga allurarka ba suna nan. Waɗanda ka yi ma alama, alamar mutuwa ta. Na gode." Ya tattara abin da ya rage ya koma wajen Mandera. Ya yi rantsuwa ƙarfen gwamnati ba zai sake taɓa dabbarsa ba, kuma ba shi kaɗai ya riƙe rantsuwar ba. Rugage da yawa a wannan gefen suka riƙa kora shanu daji in sun ji ƙarar babur.

Da Malam Arzika ya zage shi, ina jin da ya samu sauƙi. Amma da ya je gaisuwa, tsohon ne ya riƙa ba shi haƙuri.

"Kak ka sa ma ranka komi, malamin shanu. Kai ka yi naka. Maganin zamanin ga na, an ce har na jabu ana kawowa. Wanda yab ba mu shi yak karɓa."

Damina ta zo ba ta yi kyau ba, ta bayanta ta fi ta muni. Malam Arzika, da furfurarsa, ya koma noma da hannu. Soja suka karɓi mulki, aka yi ta sallamar ma'aikata, har waɗanda suka fi Mijinyawa daɗewa. Shi aka bar shi, aka ce ba a taɓa samunsa da sakaci ba. Ranar da ya ji haka ya zo rumfa ya zauna, muka yi ta yi masa barka, yana amsawa kamar mai karɓar ta'aziyya. A wannan tsakanin ne muka fara lura da bayan hannun nan.

Duk zuwan da zai yi Horo Birni, Inno sai ta aiko da kunun tsamiya, ko a shekarun da gero ya yi wuya. Takan gaya wa mata cewa surukinta ba abin da yake so kamar kununta, ranar farko ko ɗigo bai rage ba. Shi kuwa yakan kawo shi gida ya ba yara.

Wata rana ma'aikatan asibiti suka je garin yi wa jarirai rigakafin ƙyanda. Inno ta kai jikanta. Tana cikin layi wata mata ta jawo akwatin maganin zuwa rana don ta zauna a kai, ma'aikaciyar ta daka mata tsawa, ta ce so take ta kashe maganin? Ta ce ko ɗumin jiki ba ya so, balle rana. Inno ta dawo gida da maganar a ranta.

Zuwan Mijinyawa na gaba, ya durƙusa a bayan zana, suka gaisa kamar kullum, aka tambayi Atika da yara. Ya yunƙura zai tashi sai ya ji muryarta, ƙasa ƙwarai.

"Malam."

"Na'am, Inno."

"Wancan magani na shanu. Shi ma zahi na ɓata shi?"

Zana ce kawai tsakaninsu. Yana jin numfashinta.

"Ba kowane zahi ba, Inno."

Can ta ce, "To. Allah shi yi ma albarka."

Ranar ya kawo musu 'yar tsaraba a kwano. Da zai tafi aka fito masa da kwanon a wanke, a rufe. Ya ɗora bayan hannunsa a kan murfin, sanyi ƙalau. Babu komai a ciki. Tun da aka kafa gidan Malam Arzika ba a taɓa yin haka ba, kuma daga ranar kunu bai sake fitowa daga gidan zuwa gare shi ba. Ba wanda ya tambayi dalili, ba wanda ya faɗa.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka muke cewa, kuma muna yabon mai irin wannan ciki. Ban san abin da zan ce a kai ba. Kalmar da muke yabon yaro da ita, mu ce yana da kunya, ita ce dai muke faɗa in mutum ya yi abin da ba ya iya ɗaga kai. Mijinyawa ya ɗauki duka biyun a kalma ɗaya, kuma ban ga inda ta farkon ta ƙare ta biyun ta fara ba.

Abin da ya fi damunsa daga baya ba waɗanda suka mutu ba ne. 'Yan maruƙan Mode ne. Garken ya fara farfaɗowa a Mandera, sababbin haihuwa suna tasowa ba rigakafi, cutar kuwa ba a ce ta bar ƙasa ba. Ya san abin da zai sa Mode ya janye rantsuwarsa, wato ya ji cewa ba allura ce ta kashe masa shanu ba, mataccen magani aka soka musu. Amma Mode zai tambayi yadda ya mutu. Sai Mijinyawa ya yanke wa kansa cewa zai je bayan ran Inno. Ya yi ta jira, yana jin nauyin abin da yake jira. Inno kuwa Allah ya ba ta tsawon rai.

Wata bazara ya zo ya zauna kusa da keken ɗinkina. Sannan ya ce, kamar mai magana da zaren da ke hannuna, ashe in mutum ya buɗe abu ya gani da idonsa, ba sai ya faɗi wanda ya rufe ba, ya isa ya ce ya gani kuma ya ci gaba. Ban gane ba a lokacin. Na ce haka ne. Ya ce gobe in Allah ya kai mu za shi Mandera.

A gida ya gaya wa Atika komai, yana kallon bango, ita ma tana kallon wani bangon. Ya ce sunan Inno ba zai fito daga bakinsa ba, zai ce wa Mode shi ya buɗe fulas ya tarar da maganin ya sha zafi, ya sani, ya soka, ya kuma ɓantare kunne. In Mode ya yarda a yi wa maruƙan, to. In ya ɗaga sanda, bayansa na nan.

Da safe ya je ofis ya ɗauko kwalabe, ya samo ƙanƙara wurin mai sayar da lemo, ya shirya fulas da hannunsa. Ya dawo gida ya ɗauki hula, sai ya ce wuyansa ya riƙe, kansa yana sarawa, bari ya ɗan kishingiɗa rana ta yi sanyi. A shekarar sanƙarau yana yawo a ƙasar. Ya ajiye fulas ɗin a kusurwar zaure inda rana ba ta kaiwa, ya ce kada kowa ya taɓa.

Bai sake tashi daga kwanciyar nan ba. Fulas ɗin kuwa ba wanda ya taɓa. An yi zaman makoki a zauren, mutane suna shiga suna fita, yana nan a kusurwarsa. Inno ta zo daga Horo Birni, ta wuce ta gabansa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai bayan an watse Atika ta ɗauke shi. Ta ce ba ta san lokacin da ta ɗora bayan hannunta a kai ba. Ta buɗe, ƙanƙarar ta zama ruwa mai ɗumi, kwalaben suna kwance a ciki, garin yana nan fari a gindinsu kamar ba abin da ya same shi.

Mode ya tashi daga Mandera da kaka, ya yi yamma da garkensa, kunnuwan maruƙansa duk cikakku.